Gidajen da Ba Su da Lamba

Ɗakin aika wasiƙu na asibitin ido yana can ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin ajiye tsintsiya da wata matattakala da ba kowa ke hawanta ba. Taga ɗaya gare shi, tebur biyu, sikelin auna ambulan, kwamfuta, sai ɗan injin buga sitika da bai fi rabin burodi girma ba, wanda in ya fara aiki yakan riƙa zaro fararen takardu masu gam a baya kamar mai yi wa mutane gwalo. A nan 'Yar Gam take wuni. Sunan ya bi ta ne tun makonta na farko, ranar da ta shiga wurin shan shayi da sitika uku manne a gefen mayafinta ba ta sani ba, ɗaya ma ɗauke da adireshin wani tsohon soja. Masu jinya suka yi ta dariya suna tambayar ko a miƙa ta gidan waya ne. Shekara huɗu ke nan, har mahaifiyarta ta koyi sunan.

Aikin ba wuya a ido. Kowace ambulan sitika ɗaya: a sama tambarin kan sarki, wani baƙin murabba'i mai ɗige-ɗige, a ƙasa layi uku na adireshi. Ta buga, ta ɓare, ta manna, ta shafa da gefen hannu. Amma ita ba ta taɓa ɗaukarsa ƙaramin aiki ba. Adireshin mutanen cikin gari busassu ne, lamba da titi, shi ke nan. Waɗanda take so su ne na unguwannin gefe, waɗanda Sista Babba, shugabar masu jinya, take rubutowa in an fita duba idon tsofaffi. Su kam labari ne. Bayan injin niƙa, gida na uku mai ƙofar langa-langa, a tambayi kakar 'yan biyu. Daura da mai gyaran keke, a bi lungun da ruwa ke kwanciya. Gidan da akuya ke kwana a kan katanga. Takan karanta su a hankali leɓenta na motsi, ta ji kamar an kama hannunta ana zagawa da ita gari, wani lokaci har idonta ya ciko ba dalili.

Ranar Litinin ɗin nan wasiƙa ɗari biyu da goma ne a gabanta. Likitocin da ke zuwa daga nesa sau ɗaya a shekara don cire yanar ido saura kwana tara su iso, kuma kowace wasiƙa tana ɗauke da ranar aikin mutum, da sa'arsa, da jan hatimin da mai gadi zai gani ya buɗe ƙofa. Kiran waya ba ya maganin wannan. Rabin tsofaffin ba su da waya, sauran kuma lambar wani jika ce da ya canza layi tun bara.

Ɗari da saba'in da uku suka fita lafiya. Talatin da bakwai suka ƙi. Duk wadda ta shigar sai kwamfuta ta ɗaga mata jan akwati: adireshi bai cika ba, a saka lambar gida. In kuwa jan akwatin ya fito, injin ba ya buga kan sarki ko za a kwana ana lallashinsa.

Wannan sabon tsari, Manaja ne ya kawo shi wata biyu da suka wuce. Mutum ne mai tsabta da son layi, ko biro ba ya ajiyewa a karkace, kuma kalmar tsari ba ta barin bakinsa, har masu shara suna kiransa Malam Tsari in ya ba da baya. Ta kwashi wasiƙun ta nufi ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, talatin da bakwai sun ƙi fita."

Bai ɗago ba. "Me ya hana su?"

"Ba su da lambar gida."

"To ai kin ba kanki amsa. Saka su a tiren waɗanda ba a kammala ba. In an gama hidimar baƙi sai a duba."

"In an gama hidimar baƙi likitocin sun tafi ke nan. Sai baɗi. Akwai wanda idonsa ba zai kai baɗi ba."

Sai yanzu ya ajiye biron, daidai a gefen takarda. "Kin manta watan jiya? Kina hutu aka ba akawun ɗakin kati aikinki, ya ga jan akwati ya riƙa cusa wa kowa lamba ɗaya don ya huta. Wasiƙa arba'in suka je suka zube a gidan farko na kowane titi. Wani mai shago shi kaɗai ya karɓi shida, ya zo nan yana tambaya ko an ce mana makafi yake sayarwa. Ni aka kira sama, ba ke ba."

"Ni ba lambar ƙarya zan saka ba. Kwatancen da Sista ta rubuto nake so ya fita yadda yake."

Ya zari ɗaya daga takardun Sista ya karanta da ƙarfi, yana jan kowace kalma. "Gidan da akuya ke kwana a kan katanga. Wannan za ki manna a ambulan mai tambarin asibiti, baƙi su gani?"

"Akuyar ai tana nan, ranka ya daɗe. Sista ta gan ta da idonta."

"In an yanka ta fa?"

"Sai a tambayi gidan da aka yanka akuyar katanga. Ba wanda ba zai nuna ba."

Gefen bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, ya danne. "Na zo na tarar da ofis ɗin nan kamar kasuwa, na sha wuya kafin na sa shi a layi. Tire, na ce. Rufe min ƙofa in kin fita."

Ta rufe, amma ba a hankali ba.

Ƙarfe huɗu saura minti goma ta gyara mayafinta a gilashin kwamfuta, abin da take yi kullum kuma take musun tana yi. Direban motar gidan waya ba ya makara ba ya riga lokaci, shi ya sa duk asibitin suke kiransa Ƙarfe Huɗu. Dogo ne, da biro a bayan kunne, shekara goma sha ɗaya ya yi yana raba wasiƙa da ƙafa kafin a ba shi mota. Yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: abin da ya shiga jakarsa da tambarinsa ya zama na gidan waya. Ta taɓa roƙonsa ya fito mata da wata ambulan da ta manna wa sitika a juye, ya ce ko kakarsa ce ta roƙa ba ya iyawa, suka yi kwana biyu ba ta gaishe shi.

Ya leƙo da jakar a kafaɗa. "'Yar Gam, yau kuma me aka manna miki a fuska? Na ga ta ƙi sakuwa."

"Ɗauki naka ka tafi kafin ka koma ƙarfe huɗu da minti biyar, sunanka ya lalace."

"Waɗancan na tire fa? Marayu ne?"

Ba ta yi niyyar faɗa masa ba, amma bakinta ya riga ta. Ya ajiye jakar, ya ɗauki takardun Sista yana dubawa, sai ya kwashe da dariya.

"Kakar 'yan biyu! Wallahi na san ta. Ta taɓa jifana da takalmi, ta zaci mai yanke wuta ne. Ashe tun lokacin idon ne. Wannan kuma, lungun da ruwa ke kwanciya, ai ido rufe zan kai ki. Adireshin nan sun fi na masu lamba kyau. Lamba tana gogewa, ana fenti a rufe ta. Injin niƙa kuwa daga nesa kake jinsa."

"To in sayo kan sarki na hannu in rubuta da biro?"

Ya girgiza kai. "Wannan layin talakawa ne, sai ta kwana goma ba ta isa ba. Masu tambarin inji su ke bin hanyar sauri, su ma unguwannin gefe sai kwana biyar, ga shi tsofaffi sai sun nemi mai rako. In ba su shiga jakar gobe ba, ki bar su a tiren kawai."

Ta riƙa murza ɗan gam a yatsa.

"Bari in gaya miki yadda wasiƙa take tafiya," ya ce, ya rage murya. "Ido biyu ke karanta ta. Na farko inji ne a babban gidan waya, shi ba ruwansa da akuya, so yake ya san wane reshe zai jefa ta. Na biyu mutum ne mai ƙafa, shi kuma ba ruwansa da lamba."

Ta dube shi, ta dubi injin, ta sake dubansa. "Reshen gidan waya yana da lambar gida?"

"Kowane ɗaya. Da titi, da komai."

Nan take ta tuna. A cikin kwamfutar akwai wata sitika ta daban, wadda ake manna wa kwalin magani mai kwalabe, inda ake rubuta a kula abin fashewa ne. Ita wannan ba ta tambayar lamba, ba ta ɗaga jan akwati, duk abin da aka rubuta bugawa take, har layi biyar.

"Rubuta min rassan," ta ce, ta tura masa takarda.

Ya zaro biron daga bayan kunne. "Ni dai ban ce komai ba. Labarin aikina na ba ki."

Ranar ya bar asibitin ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu, mai gadi har ya duba agogonsa sau biyu.

Talata tun da safe ta fara. Sitika ta sama tana ɗauke da kan sarki, da sunan mai wasiƙa, da adireshin reshen da ya fi kusa da shi. Kwamfuta ta karɓa ba gardama, injin ya yi ta zaro harshensa. Ta ƙasa ita ce mai wuya, don layi biyar ba ya ɗaukar duk abin da Sista ta rubuta, kuma kowace kalma ta ɗauko za ta yar sai ta ji kamar tana toshe wa mutum hanyar gidansa. Da azahar Sista Babba ta shigo da kofin shayinta ta zauna a kan kwalin ambulan, tana leƙe ta saman tabarau.

"Kar ki cire mai tari ɗin nan, 'yar nan. Tsofaffi biyu ne a gidan, sunansu ɗaya. Ɗaya yana gani ras, in aka ba shi wasiƙar sai ya zo a yanka masa lafiyayyen ido, don shi duk abin da aka ce kyauta ne ba ya bari."

"Wannan bishiyar fa? An ce an sare ta."

"Rubuta inda bishiyar take a da. Har yanzu a nan suke cewa a haɗu." Ta kurɓi shayi. "Malam Tsari ya sani?"

"Zai sani."

"Kin san aikin nan da wuyar samu."

"Idon ma da wuyar samu, Sista."

Tsohuwar ta dube ta ta daɗe, sannan ta ajiye kofin ta ja kujera. "Miƙo min, ni in riƙa mannawa. Yatsuna sun saba da filasta."

Uku da rabi suka gama, Sista ta koma ɗakin marasa lafiya. Ambulan talatin da bakwai suna jere a kan tebur, kowace da farar sitika biyu, ɗaya a kan ɗaya. 'Yar Gam ta tsaya tana kallonsu kamar yaran da aka yi wa wanka za a kai su makaranta.

Abin da ta manta shi ne, duk kan sarkin da injin ya buga yana fitowa a kwamfutar Manaja. Huɗu saura minti ashirin ta ji takun takalminsa a baranda, ba ya sauri, kuma rashin saurin ya fi ba ta tsoro.

"Mutum talatin da bakwai," ya ce daga bakin ƙofa, "a adireshi biyar. Yaushe marasa lafiyarmu suka tare a gidan waya?"

Bai jira amsa ba, ya ƙaraso ya ɗauki ɗaya. Ya karanta ta sama, ya karanta ta ƙasa, ta ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Sitikar kwalabe. A kan wasiƙar asibiti. Na ce tire ko ban ce ba?"

"Ka ce, ranka ya daɗe."

"To ɓare su. Duka."

"Ba za su ɓaru ba. Gam ɗin mai kyau ka sayo."

Ya sa farce a kusurwar sitikar ya ja. Takardar ambulan ta biyo ta da wani ɗan ƙara, jan hatimin ciki ya leƙo. Ba ta san lokacin da ta fizge ta daga hannunsa ba.

"Wannan ta mai tari ce! Shekara biyu yana jiran ta!"

Ita kanta ta ji abin da ta yi, amma ta rungume ambulan ɗin a ƙirji ba ta mayar ba. Ta yanko salatif ta liƙe inda ya yage, a gabansa.

"Ke kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Kai ma ka san da wa kake magana? Ni ma gidanmu ba shi da lamba. Shekara ashirin da shida ina kwana a gidan da kwamfutarka ta ce babu shi. A can aka haife ni, a can aka yi wa babana wanka aka fita da shi, a can takardar ɗaukata aiki ta same ni da kwatancen tankin ruwa a bayanta. Mutanen nan ba su ɓata ba, ranka ya daɗe. Suna zaune a ƙofar gida suna jira. Mu ne ba ma son mu rubuta inda suke."

"Kin gama?"

"Ban gama ba, amma sauran ba na ofis ba ne."

Ya numfasa, ya gyara wuyan rigarsa. Muryarsa ta sauka, ta yi sanyi. "Saurara. Ban ƙi tsofaffin nan ba. Amma in kowa zai yi wa tsari rami ya bi ta ciki duk ranar da tausayi ya kama shi, gobe babu tsari. In wasiƙun nan suka fita daga ɗakin nan, ki bi su."

Daidai nan aka ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe. Ƙarfe Huɗu ne, da jaka a kafaɗa. Ya dubi Manaja, ya dube ta, ya dubi teburin. Bai yi barkwancin da ya saba ba. Ya sauke jakar a tsakiyar ɗaki ya buɗe bakinta da hannu biyu, ya tsaya yana kallon silin kamar wanda ba ya wurin.

Ta tuna mahaifiyarta da keken ɗinkinta da ke yawan lalacewa, ta tuna yadda ta yi shekara biyu tana yawon neman aiki takalminta ya cinye. Sannan ta dubi ambulan ta sama, ta ga kakar 'yan biyu. Ta tattara su duka talatin da bakwai, ta daidaita gefensu a kan tebur sau biyu kamar yadda take yi kullum, ta zuba su a jakar. Ƙarar faɗuwarsu ba ta da yawa. Ƙarfe Huɗu ya ja igiya ya ɗaure, ya danna kwaɗo.

"Direba, buɗe jakar nan," in ji Manaja.

"Yallaɓai, ko ni ban isa ba. Sun zama na gidan waya. In kana son su sai ka rubuta wa babban ofis, suna amsawa cikin sati uku."

Manaja ya juyo gare ta. Ya miƙa mata hannu, ta gane, ta ciro makullin ɗakin daga jakarta ta ɗora masa a tafi. Ta ɗauki kofinta da ɗan madubinta, ta shafa kan injin sau ɗaya, ta fita kanta a sama. Sai da ta kai bayan matattakala, inda ba kowa, sannan kukan ya ƙwace mata, irin mai girgiza kafaɗa.

Ƙarfe Huɗu ya tsaya nesa kaɗan har ta lafa. "Da na rage miki hanya, amma motar ba ta ɗaukar mutum sai mai tambari." Ya nuna gwiwar hannunta. "Ko da yake, tsaya, ga shi nan kin manno."

Wata sitikar kwalabe ce ta gwaji ta liƙe mata a riga tun safe. Ya ɓare ta a hankali, ya karanta, ya naɗe ya saka a aljihun gaba maimakon ya yar. Ta yi dariya cikin hawaye, ta ce masa ya tafi ya makara.

A gida Inna ta saurari labarin ƙafarta a kan keken ɗinki, har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Wato dai kin bar aiki saboda akuya."

"Inna!"

"Ni tambaya na yi. Akuyar ta san kin yi mata wannan hidimar?" Ta ciji zare ta tofar. Can kuma ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Babanki ma haka yake, in ya kafe sai dai a zagaye shi. Tashi ki ci abinci, gobe ki taya ni haɗa hannun riga."

Kwana huɗu tana haɗa hannun riga, tana ɗinke wasu a juye. Duk ƙarar babur a lungu sai ta tsaya ta yi lissafin inda wasiƙun suka kai: yau suna babban ofis, yau suna reshe, yau suna hannun mai ƙafa. In ta tuna wata kalma da ta cire don layi ya ishe ta sai ta ajiye allura ta sake karanto adireshin a ranta.

Ranar Asabar da la'asar aka yi sallama a ƙofa. Ƙarfe Huɗu ne, ba kayan aiki, ya sha farar riga har da turare, da ambulan ɗaya a hannu.

"Ba layina ba ne, na roƙi mai layin ya bar min ita. Wannan sai na ga fuskarki in kin karɓa."

Ambulan ɗin asibiti ce. A sama kan sarki da sunanta da adireshin reshen gidan wayar unguwarsu. A ƙasa sitika ta biyu, an manna ta tsaf, a miƙe kamar an auna da rula: bayan tankin ruwan da ya fashe, gida mai shuɗiyar ƙofa, a tambayi ɗiyar mai ɗinki.

"Da hannunsa ya buga," in ji Ƙarfe Huɗu. "Sista ta ce awa guda ya yi a gaban injin. Ya ɗauko fayil ɗinki ya shigar, jan akwati. Ya sake, jan akwati. Ya saka lamba ɗaya, ya zauna yana kallonta, ya goge. Daga ƙarshe ya aika a kira ta ta nuna masa inda sitikar kwalabe take."

'Yar Gam ta jingina da ƙofa tana dariya har ta riƙe ciki. Inna ta leƙo ta tsakar gida, ta auna baƙon tun daga takalmi har biron bayan kunne.

"Wannan ne mai jakar? To a shigo mana, ai ba a barin ma'aikacin gwamnati a tsaye. Ko kai ma saboda akuyar ka zo?"

Abin da ke cikin ambulan ɗin ba na dariya ba ne. An dakatar da ita, kuma ta bayyana gaban kwamitin ladabtarwa ranar Laraba ƙarfe goma, ranar da likitocin za su fara aiki.

Laraba ta iso asibitin tara da rabi. Tun daga bakin ƙofa ta fara ganinsu. Barandar cike take da tsofaffi a kan benci, wasu da sanda, wasu riƙe da hannun 'ya ko suruka, kowa da ambulansa a cinya ya danne da hannu biyu kamar za a ƙwace. Ta bi layin tana duba ambulan ba fuska ba. Sitika ɗaya, ɗaya, ɗaya, biyu. Biyu. Ga wata mai salatif a kusurwa, a hannun wani dattijo da ke tari a cikin hankici.

Sista Babba ta wuce da tire, ta rage tafiya. "Talatin da ɗaya," ta raɗa mata. "Ɗaya ya rasu tun watan jiya. Biyar ba mu sani ba tukuna."

Biyar ɗin suka tsaya mata a rai. Wataƙila wata kalma ce ta cire a wani wuri da bai kamata ba, kuma ba za ta taɓa sanin wacce ba.

Wata tsohuwa mai farin ido ta kamo gefen mayafinta. "Ke ma'aikaciya ce? Wa ya rubuta takardar nan? Jikata ta karanta min, wai ƙofar langa-langa. Shekara guda da muka sa ta ƙarfe! A gaya wa mai rubutun ya gyara, kar a riƙa zubar mana da mutunci a gari."

"Za a gyara, Kaka," ta ce, ta durƙusa ta riƙe hannun. "Amma dai ta same ki."

"Da ba ta same ni ba za ki gan ni? Wannan yarinya da tambaya."

Ƙarfe goma ta shiga ɗakin taro. Mutum uku ne a bayan dogon tebur, shugaban kwamitin a tsakiya, Manaja a gefe da bironsa a miƙe. Ta taga ana jiyo hayaniyar baranda, ana kiran suna ana amsawa. Ba ta jira an nuna mata kujera ba. Ta ciro ambulanta ta ajiye a tsakiyar teburin, sitika biyun suna kallon sama, ta juya ta yadda rubutun zai fuskanci shugaban. Ya gyara tabarau ya karanta ta ƙasan, ya ɗan waiwayi Manaja. Manaja yana kallon bironsa.

"Kin san abin da ya sa aka kira ki?" shugaban ya tambaya.

"Na sani, ranka ya daɗe. Wasiƙar ta same ni har gida." Ta ja kujerar ta zauna, ta haɗa hannuwanta a kan tebur. "Kuma kafin a fara, gara in faɗa kar a ce na ɓoye. In kun mayar min da makullin, gobe ma haka zan buga su."